Fatun Idirisu da Babban Ruwan Safar

Ranar Lahadi ce, sha ɗaya ga watan Safar, sararin sama fes babu ko ƙyallin girgije, rana kuwa tun hantsi ta fara dukan ƙeya. Kwana tara ke nan rabon unguwar Itapagipe ta bakin teku da hadari. Kowa na kukan zafi ban da Idirisu, don shi majemi ne, ranar da ke gasa mutane ita ke busar masa da fata. Yana zagaya filin shanyarsa yana latsa fatun awaki da babban yatsa, sai ya hango 'yarsa Lantana can bakin teku, a tsugune, tana soka wani abu cikin yashi.

Idirisu mutumin Wudil ne, jima ya gada kaka da kakanni. Yana saurayi aka kama shi a hanyar fatauci, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har bakin teku, jirgin bayi ya ƙetaro da shi Bahiya, ƙasar masu Turancin Fotugal. Shekara goma sha uku ya yi a birnin kan tudu yana ɗaukar Turawa a kujera, hawa da gangara, kafin Allah ya yanke masa wahala ya sami takardar 'yanci. Wata biyar da suka wuce ya kwaso matarsa Altine da yarinyar suka sauko nan, inda ƙasa ta zura wuya cikin ruwa. Ice ne ya kawo shi. Ƙasar nan ba ta da bagaruwa, amma akwai wani ice da ke tsirowa cikin laka a ruwan gishiri, mange ake ce masa, ɓawonsa na jeme fata kusan kamar bagaruwa. Ya sami wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ɗan tudun yashi ya raba shi da teku, ya girke tukwanen jima, ya kama aikin ubansa.

Lantana shekararta takwas. Ita ce ta fari, ita kaɗai kuma ta rayu cikin haihuwa uku. Sunanta na yanka sunan mahaifiyar Idirisu ne, bakinsa ba ya iya kama shi, Uwata yake ce mata. Da a gida ne, da tun yaye kaka ko gwaggo ta ɗauke ta, shi kuma ya riƙa kau da kai in ta gifta, yadda ake kunyar ɗan fari. To a nan wa zai ɗauka? Kakanninta suna ƙetaren teku, in ma suna raye. Haka yarinya ta tashi a wuyan ubanta, tana riƙe da kunnuwansa tana zuba masa tambaya.

Washegarin saukowarsu ta ga ruwan da ta bari jiya kusa da tudun yashi ya gudu can nesa, ya bar kwalekwale kwance cikin laka. Ta rugo ta tambaye shi wa ya kwashe. Idirisu ya ji daɗi, don wannan tambaya yana da amsarta, kuma ba a bakin hanya ya tsince ta ba. A kurkukun da aka tara su kafin a loda su a jirgi, sarƙa ɗaya aka ɗaure shi da wani Malam Sulaimanu, Bakatsine. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ke cika ya janye dare da rana ba tare da an yi ruwan sama ba. Malam ya ce ya taɓa cin karo da maganar a karatu: Allah ya wakilta wani mala'ika a kan teku, in ya tsoma ƙafarsa ruwa ya cika, in ya ɗaga ya janye. Malam bai ƙetare ba, a tsakiyar teku aka jefa gawarsa. Abin da Idirisu ya tsira da shi na addini ba shi da yawa: surori goma sha biyu, alwala da salla, sai wannan magana ta Malam. Su ya zuba wa Lantana duka, yana kuma tsoron ranar da za ta gane iyakarsu ke nan.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne maƙwabta. Ta hagu akwai Iya Rumana, tsohuwar Bayarabiya mai wankau, ita ta ce wa yarinyar Uwar Ruwa ce ke numfashi, duk Asabar kuma takan kai mata fure da matsefi bakin teku. Ta dama kuma Bentu, tsohon masunci haifaffen ƙasar, mai gicciye a wuya, shi ya ce ba wani numfashi, wata ne ke jan ruwa yadda ake jan koma. Lantana tana jin yaren kowannensu, ta fi ubanta nesa ba kusa ba.

Ya haura tudun yashi ya tsaya a kanta. Tsinkayen kwakwa ne jere a yashi, wasu can ƙasa, wasu sun hauro, kamar haƙoran tsohuwa.

"Uwata, gonar me ake shukawa a nan?"

"Ba gona ba ce, Baba. Inda ruwa ya tsaya ne kullum."

Ta share hannu a zane ta shiga yi masa bayani, bakinta har rawa yake don daɗi. Wata biyu ke nan tana wannan aiki. Mutum uku sun gaya mata abu uku, shi ne ta ce bari ta gani da idonta. Ta fara da na Iya. Asabar ɗin da aka kai fure ruwa ya tsaya nan, Asabar ɗin da ƙafar Iya ta hana ta fita ruwa bai yi fushi ba, ya zo abinsa ya koma. Sai na Bentu. Shi ya ce in wata ya zama rabi ruwa ragwanci yake yi, in ya cika ko ya ɓace sai ya hauro, ga tsinkayen nan ya ƙirga da kansa. Daga nan ta rage murya. Ta ce ta gwada na mala'ikan ma. Kwana uku tana roƙon Allah bayan salla ya ce masa ya tsaya daidai wannan tsinken. Sau biyu ya wuce shi, sau ɗaya bai kai ba.

Idirisu ya zuba mata ido.

"Allah kika gwada?"

"Mala'ikan dai."

Ba ta lura da fuskarsa ba. Ta ci gaba, ta ce Bentu ya ce ranar Alhamis da la'asar babban ruwan shekara zai zo, zai tsallake tudun nan ya shiga filin shanya, gara a kwashe fatu.

Bai dake ta ba, bai taɓa yi ba. Ya ce ta je ta wanke ƙafa, shi kuma ya wuce gida. Ya iske Altine a gindin murhu tana suyar ƙosan da take sayar wa masu gyaran jirage. Ya zauna a kan turmi ya zayyana mata komai, ya ƙare da abin da ya yanke a hanya: ranar Juma'a zai kai yarinyar birni, gidan Gwaggo Uwani a unguwar da ake kira Ladeira da Praça. Uwani ba jininsu ba ce, amma tsohuwa ce mai karatu, tana koyar da 'yan mata a ɗaki ƙofa a rufe, kuma gidanta ba masunci ba mai fure. Ta riƙe ta kamar yadda gwaggo ke riƙon 'yar fari, sai ta girma.

Altine ta juya ƙosai ba ta ɗago ba.

"Malam, yarinyar ce ta bar hanya, ko kai ne aka yi wa tambayar da ta fi ƙarfinka?"

"Yau tsinke ne. Gobe fure. Jibi ki ga gicciye a wuyanta."

"Mutumin da in ta je ɗiban ruwa ta daɗe yake kasa cin tuwo, shi ne zai kai ta birni."

Ya ce ko zai mutu da yunwa ya mutu, gara ya rasa ganinta da ta rasa salla. Altine ta san muryar, ta san ba ranar gardama ba ce. Ta ce to, ita ba ta yarda ba amma ba ta hana ba. Sai dai fatun, me zai hana ya shanya su bayan ɗaki ranar Alhamis, yini ɗaya ne.

Nan fa Idirisu ya gyara zama. Ya ce shi a bakin kogi aka haife shi, ba za a koya masa ruwa da furfura a gemu ba. Kogin Wudil ba ya cika sai an yi ruwa, ko a gari ko can sama inda ya fito. Duk ranar da tekun nan ya ɗan wuce iyakarsa a watannin nan, ruwa aka yi a wani dajin da ba su gani ba, koguna suka zubo masa. Yanzu kwana tara ba ɗigo, ciyawa ta bushe, rijiya ta yi ƙasa. Ina zai samo ƙari? Mala'ika zai tsoma ƙafarsa kamar kullum, cikin ruwan da bai ƙaru ba.

Ya yarda da wannan har cikin ransa. Amma akwai wadda bai faɗa ba. In ya cire turke ɗaya saboda maganar Bentu, ya gaya wa yarinyar ke nan mai gicciye ya fi Malam Sulaimanu sani, kuma ita za ta hau birni da wannan a kanta.

Ranar Litinin ya tafi wurin Bentu ya ja masa kunne. Matsalar ita ce Turancin Fotugal ɗin Idirisu na ɗan dako ne: hagu, dama, a ba da hanya, an iso. Ya haɗa abin da ya iya, ya nuna sama, ya nuna teku, ya nuna tsawon yarinya, ya kaɗa yatsa. Bentu ya saurare shi tsaf, ya shiga bukka ya fito masa da kifi biyu. Da ƙyar suka fahimci juna. Da tsohon ya gane, sai ya yi dariya har ya dafa kwalekwale. Ya taɓa gicciyensa ya girgiza kai, wato maganar wata ba ta coci ba ce, limaminsu ma bai san ta ba, kakansa ne ya koya masa a cikin jirgi. Sannan ya kama hannun Idirisu kamar yaro, ya ja shi har tsakiyar filin shanya, gindin wata kwakwa, ya nuna masa wani sara a jikinta daidai gwiwa. Iyakar babban ruwan bara ke nan, in ji shi. Idirisu ya ce da Hausa ai duk mai wuƙa yana iya saran ice, ya karɓi kifin don kada a ce ya yi wulaƙanci, ya koma gida.

Talata da safe aka gaya wa Lantana. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta tambaya ko daga gidan Gwaggo ana hango teku. Ya ce ba a hangowa. Ta tambaya ko don tsinkayen ne. Ya ce don karatu ne. Ta buɗe baki za ta ce wani abu a kan mala'ikan, ya ɗaga hannu, ya ce maganar ruwa ta ƙare a gidan nan. Ta rufe baki. Da azahar Iya Rumana ta ɗingiso da wani ɗan dutsen wuya fari, wai guzurin yarinya. Idirisu ya mayar mata cikin ladabi, ya haɗa mata da ƙyallen fata mai laushi ta ɗaure gwiwa. Tsohuwar ta karɓa, ta kira shi alufa, wato malam a yarensu, kamar yadda ta saba, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa ita ba ta taɓa ganin mai tsoron kaifin kan 'yarsa ba sai shi.

Ranar Laraba bayan magariba wata ya fito ta bayan itatuwa, jajir, dam kamar faifai. Suna zaune a tabarma ana cin tuwon rogo. Lantana ta dubi watan, ta dubi ubanta, ta mai da kai ga kwano. Shi kuwa lomarsa uku ya ce ya ƙoshi. Altine ta ɗauke kwanon tana cewa tun Juma'a ba ta zo ba an fara azumi.

Alhamis ta waye garau. Abu na farko da ya yi, ya hau tudun yashi ya duba. Ruwan asuba ya zo ya koma, ya bar tarkacen ganye da kumfa taki uku ƙasa da ƙololuwar tudun. Ya kira Altine ya nuna mata. Ya ce ga iyakar ƙoƙarinsa nan. Sannan ya fito da fatun duka, ashirin da shida, har da waɗanda da ma sai gobe zai shanya, ya kafe su da turaku layi-layi. Lantana ce ke miƙo masa turakun. Ya lura duk fatar da ya bar mata ta shimfiɗa sai ta ja ta can ƙarshen fili, wajen gida.

Da rana ta karkata iska ta taso daga kudu, mai ƙarfi, busasshiya, ba ta ɗauke da girgije ko ɗaya. Ya duba sama ta kowace kusurwa, hankalinsa ya kwanta. Da inuwa ta kai ya yi alwala, ya shimfiɗa buzu a tsakiyar fili yadda ya saba, ya fuskanci gabas, teku a bayansa. Lantana ta ɗaura kallabi ta tsaya bayansa.

Ya ta da kabbara. Sai a lokacin ya tuna wannan ce la'asar ta ƙarshe da zai ji numfashinta a bayansa. Ya ɗauko mafi tsawon surorinsa, ya riƙa jan ta a zuci harafi-harafi, ba ya son ya kai ƙarshe. Ya daɗe a ruku'u, ya daɗe a sujada. Yana cikin raka'a ta biyu ya ji wata ƙara a bayansa, shuuu, kamar an farke buhun gero. Ya ce a ransa iska ce. Da ya zauna tahiya sai sanyi ya taɓa masa yatsun ƙafa.

Ya miƙe raka'a ta uku ruwa na idon sawu. Filin da ya zaɓa don shimfiɗarsa, shimfiɗar ce ta cuce shi, don da ruwa ya tsallake tudu bai sami abin da zai tare shi ba. Yashi ya jiƙe, turaku suka fara sakin fata. Wata jemammiya da ya yi kwana goma sha biyu yana wahalarta ta zo ta gabansa tana lilo, ta wuce abinta kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya tuna ya taɓa ji an ce ana yanke salla don ceton dukiya, amma ya kasa tuna wanda ya faɗa, malami ne ko ɗan dako. Don ceton rai kuwa ba ya bukatar fatawa. Ya kasa kunne bayansa. Da ya ji ko da shessheƙa ce, da ya juya ya sure ta. Abin da ya ji shi ne 'yar muryarta tana bin kabbararsa a hankali, da ƙarar ruwa lokacin da ta sunkuya.

Ya kai goshi ƙasa cikin ruwan gishiri. A bayansa ya ji ta ja numfashi ta riƙe, ta nutsa kai, ta ɗago tana furzarwa. Sau huɗu tana haka. Raka'a biyun nan na ƙarshe bai ja su ba, amma bai kuma sace komai daga cikinsu ba.

Da ya yi sallama ya juya. Tana zaune a kan dugaduganta, ruwa har cibiya, kallabi ya manne mata a kai, idanu jajir don gishiri, tana sallamarta dama da hagu. Ya sure ta ya ɗora a wuya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Altine ta fito da gudu da matsamin ƙosai a hannu, tana kamun fata da shi. Bentu ya turo kwalekwalensa ta kan tudun yashi, ya shigo har tsakiyar filin shanya yana tuƙi, yana tsamo fatu da sandar tuƙi yana jefawa ciki, duk lokacin da ya gifta gindin kwakwar nan yakan yi tari. Iya Rumana da ciwon gwiwarta ta tattare zane ta tsaya inda ruwa ya fara karya tudu, duk fatar da ta zo fita ta take ta da ƙafa. Lantana daga saman wuyan ubanta ita ke ba da umarni da yare uku. Amma da ruwa ya juya, ya buɗe hanya a tudun, ya ja abin da ya ja. Suna kallo fatu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka yi baƙi-baƙi a kan ruwa, suka ɓace.

Can suka zauna a kan wani kututture, uba da 'ya, tufafi na ɗiga. Ya daɗe yana matse bakin rigarsa.

"Me ya hana ki gudu?"

"Kai ka ce ko kunama ta hau mutum sai ya kai sallama."

"Kin san zai zo."

"Na sani. Na kuma san ba zai wuce gwiwarka ba, ai ga saran can."

Ya duba. Ruwa ya bar jiƙa a jikin kwakwar, yatsa biyu sama da saran.

"To, Uwata. Sai ki je ki ce wa Bentu ya ci."

Ta juyo ta dube shi kamar wanda ya kasa ƙirga yatsunsa.

"Ya ci me? Baba, ai na gano abin, shi ne ran nan ka ce kada in yi magana. Mala'ikan Musulmi ne. Da wata yake lissafi, yadda kuke yi da azumi. In wata ya cika, ko ya ɓace, sai ya zurma ƙafar sosai. Sauran kwanaki yatsu kawai yake tsomawa. Bentu watan ya gani, bai san da mai ƙafar ba. Malam ɗinka kuma bai samu ya zauna ya ƙirga ba."

Ta share hanci da bayan hannu, ta ƙara da cewa shi ya sa bai tsaya a tsinkenta ba. An riga an ba shi aikinsa tun kafin a haife ta, ba zai sake shi don yarinya ɗaya ba.

Idirisu ya bi surorinsa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda ta hana wannan magana, bai samu ba. Ya tuna Malam Sulaimanu, yadda yake leƙen ruwa ta tsagar bango da sarƙa a ƙafa, kwana tara kacal ya yi yana ganinsa. Da an ba shi wata biyu da tsinkaye, wa ya sani. Dariya ta taso masa daga ciki, ya danne ta don kada girma ya zube, ta fito ta hanci.

"Uwar Ruwan fa?"

"Ita ban gama da ita ba."

"Uwata."

"Ba na kai mata komai, Baba. Kwando kawai nake riƙe wa Iya, ƙafarta na ciwo."

Wannan amsa ba ta kwantar masa da hankali duka ba, kuma bai yi kamar ta kwantar ba. Ya kafa mata sharaɗi. Kwando ta riƙe, amma iyakarta gindin kwakwa, daga nan Iya ta ƙarasa da kanta. Ƙirga ta yi ta yi. Gwada mala'ika kuwa an daina, ba a aiken manya. Ta ce ta ji. Sai ta tambaya ko ta kwance ƙunshin kayanta ko ta bar shi. Ya ce ta je ta tambayi uwarta. Altine, da ke tsaye tana shanya fatu a kan danga tana jin komai, ta ce ita tun shekaranjiya ba ta sa komai a ƙunshin ba sai tsumma, don ta san mai kai ta.

Ranar Juma'a shi kaɗai ya hau birni. Gwaggo Uwani ta sa an share ɗaki an shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kuwa wanke shi tas. Ta ce shekara nawa tana ganin maza irinsa, su yanke magana da safe su warware da yamma. Da ya ba ta labarin sujada cikin ruwa sai ta ce a kawo mata yarinyar duk Juma'a ta yi karatu ta koma, tana son ganin kan da ya haɗa mala'ika da wata. Ya ce amma ta shirya, tambaya gare ta. Uwani ta ce wanda surorinsa goma sha biyu ne shi ke tsoron tambaya.

Da ya dawo ya tarar da Lantana tana taya uwarta surfen wake. Ya tsaya yana gyara hula, yana duban wani wuri dabam, ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, wai yaushe mala'ikan zai sake zurma ƙafa. Ta ƙirga a yatsu ta ce saura kwana goma sha huɗu, in wata ya ɓace. Washegari ya tumɓuke sauran turakunsa ya mai da shanya bayan ɗaki.

Abin da ruwa ya ci ranar Alhamis ɗin nan: fatun awaki goma sha ɗaya cikin ashirin da shida, bakwai jemammu, huɗu ɗanyu. Wasu uku an tsamo su amma laka ta ɓata su, sai dai a yi guga da su. Tukunyar jima biyu, ɗaya ta fashe, ɗaya ta kife da ɓawon mange na mako guda. Wuƙar kankare gashi ɗaya. Kaskon ƙosai guda da ya ƙone a wuta. Takalmin Idirisu na ƙafar hagu.